Masu Rai da Marasa Rai a Aji Huɗu

Tun muna cikin mota daga Tamale Ziblim ya gama gyara makarantar Gumbiyili, alhali ko hanyar garin bai sani ba.

"Sayibu," ya ce da ni, "mako shida aka ba mu. Ni uku sun ishe ni. Sauran ukun zan zauna ne in riƙa karɓar baƙi masu zuwa ganin yadda na yi."

Na ce Allah ya taimaka. Shekara uku muna ɗaki ɗaya a kwalejin horon malamai, na riga na san musu da Ziblim ɓata yawu ne.

A shekarar ƙarshe akan tura ɗalibai bibbiyu zuwa ƙauyuka su gwada koyarwa. Daga ƙarshe malami ya zo daga kwaleji, ya zauna a bayan aji, ya kalli darasi ɗaya, ya ba da maki. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara, yana ji yana gani a rarraba 'yan ajinsu wuraren aiki. Ziblim bai sa wannan a lissafinsa ba. A gidansu ma ya riga ya sa uwarsa ta fara kiransa Hedimasta.

Kayansa kuwa: naɗin kwali ɗaya mai kaurin gungume, alƙaluma masu launi, farin takalmi, da naktaye biyar, kowace rana da nata.

Hedimastan gaskiya, Masta Wumbei, tsoho ne mai rowar magana, kullum da asuwaki a baki. Ya dube mu, ya dubi farin takalmin, ya miƙa mu ga Madam Damata mai aji huɗu. Yara sittin da takwas, benci goma sha tara.

Madam ta ce, "Ku zauna a baya kwana uku, ku ga yadda ake yi."

Ziblim ya ce, "Madam, ba raini ba, littafi goma sha ɗaya na karanta a kan halayyar yaro."

"Ni bakwai na haifa," in ji ta. Ta miƙa masa alli.

Ranar farko ya yi minti arba'in yana ba yaran tarihin kansa da Turanci. Da ya gama ya gyara wuya, ya ce mai tambaya ya yi, don a ajinsa babu tambayar banza. Wata yarinya a bencin gaba, Sanatu, ta ɗaga hannu.

"Ticha, wa ya ɗaure ka?"

"Wannan ado ne. Sunansa naktaye."

"A gidanmu akuyar da ke shiga gonar mutane ake sa wa."

Babu wanda ya yi dariya. Yaran kallonsa kawai suke yi da tausayi.

Mako na biyu ya kafa doka. Ya ce ya gano ciwon makarantar: Dagbanci, harshen mutanen garin. Daga yau duk wanda ya furta kalma ɗaya ta Dagbanci a cikin aji, ya fita waje. Ba bulala, ba zagi, fita kawai. Ya rubuta dokar a kwali da launi uku ya manna a bango.

Wani yaro ya tambayi na kusa da shi me Ticha ya ce. Aka fitar da shi. Wanda aka tambaya ya amsa, aka fitar da shi. Wata ta ce ba ita ba ce. Ta fita. Da yaran suka ga waɗanda ke waje sun fara ƙwallo da lemun tsami a inuwar kaɗanya, sai Dagbanci ya ɓarke a ajin kamar ranar kasuwa. Madam Damata ta shigo ta yi sallama da Dagbanci, ta dubi kwalin, ta juya da kanta ta fita.

Saura yara uku, su ma don ba sa magana ne ko a gida. Ziblim ya ci gaba da darasi kamar ɗakin cike yake. Yana cikin kai da komo benci ya kife masa a kan babban yatsa. Abin da ya fito daga bakinsa ba Turanci ba ne, kuma har sunan uwarsa a ciki. Yaran uku suka ɗaga hannu a tare, suka nuna masa ƙofa.

Ya fita. Doka doka ce.

Da rana muna cin tuwo ya ce, "Ka lura da yadda suka kama dokar nan take? Rana ɗaya fa."

Mako na uku ya ce bango huɗu kurkukun ilimi ne, don haka darasin awo a fili za a yi shi. Ya kwashi yaran da igiyar awo da turaku ashirin zuwa filin da ke bayan makaranta. Filin gonar doya ce. Ziblim ɗan birni ne, ya ɗauka kunyoyin tudun wasa ne. Aka ja igiya, aka kafa turaku, yara suna tsalle daga wannan kunya zuwa waccan suna ƙirgawa.

Ba a jima ba sai ga mai gonar, Mba Azindow, da fartanya a kafaɗa, ƙannensa biyu a bayansa.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Mba."

"To gonar wa ake rabawa?"

"Ba rabo ba ne, darasi ne. Tsawo da faɗi muke nema."

"Tsawon na kakana ne. Faɗin kuwa, ƙara taku ɗaya ka same shi."

Ziblim ya fara bayanin amfanin ilimin zamani ga manomi. Ɗaya daga cikin ƙannen ya tofa yawu a tafin hannu. Ni na ruga na kira Masta Wumbei. Sai da tsohon nan ya durƙusa da goro a hannu yana "naa, naa", irin ban-girmansu na Dagbanci, kafin fartanya ta sauka daga kafaɗa. Aka yi sulhu a kan Ziblim zai zo ran Asabar ya tayar da kunya arba'in da aka rushe.

Ya je. Ya tayar da tara. Mba Azindow ya zagaya su, ya daɗe yana kallo, sannan ya karɓe fartanyar.

"Bari haka nan, ɗana. Doya zan shuka, ba gawa zan binne ba."

A hanyar dawowa, tafin hannunsa duk ya yi ƙanta, Ziblim ya ce, "Ka gani? Mutanen gari sun fara shiga harkar makaranta. Shekara nawa Masta Wumbei yana nema bai samu ba?"

A mako na biyar takarda ta zo. Malam Nantogma zai iso ran Alhamis ƙarfe tara. Shi ne malamin da duk kwaleji ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Ziblim ne zai fara, ni in biyo baya a ajin nan dai. Ni na tara marafan kwalba ɗari don darasin rabawa. Ziblim ya zaɓi kimiyya: abubuwa masu rai da marasa rai.

Na ce, "Ga kwali nan ya rage maka. Zana akuya, zana dutse, ka huta."

"Zane? Sayibu, shi ya sa za ka mutu a aji huɗu. Malam Nantogma da bakinsa ya ce gani ya kori ji. Ni zahiri zan kawo masa. Mutumin nan zai koma kwaleji yana ba da labarina."

Ran Laraba kafin a tashi ya yi sanarwa, kuma a karon farko da Dagbanci, don kada wani ya ce bai gane ba. Gobe kowa ya zo da abu ɗaya daga gida. 'Yan layin dama abu mai rai, 'yan layin hagu mara rai. Wanda nasa ya fi na kowa girma a kowane layi, zai ba shi alƙalami mai launi.

Madam Damata ta ce, "Ka ce musu su tambayi iyayensu?"

"Madam, yaron da ake so ya yi tunani da kansa ba a koya masa jiran izini."

Ta ɗauki kujerarta ta mayar da ita bakin taga.

Ran Alhamis tun muna nesa muka fara jin darasin. Da muka iso, Masta Wumbei na tsaye a ƙofar ofis, asuwakin ya tsaya cak a bakinsa.

'Yan dama sun yi ƙoƙari. Na ƙirga zabi goma sha huɗu, awaki tara, rago ɗaya mai ƙaho, agwagwa, kunkuru, da wani abu a cikin buhu da ke motsi. Wani yaro Dawuni ya zo da jaki, da jakin ya ƙi shiga ƙofa sai aka ɗaure shi ta taga. Sanatu ta goyo jaririn gidansu. Napari, wani ɗan tsamurmuri, ya riƙo hannun kakarsa Mma Tipagya, ya zaunar da ita a bencin gaba da sandarta. Ce mata ya yi Ticha na son ganinta.

'Yan hagu ma ba su yarda an bar su a baya ba. Keke biyu, rediyo, ganga, tukunyar miya da miyarta, butoci shida iri ɗaya, doya, wani ƙaton turmi da aka mirgino, da kuma ƙyauren kwano da wasu tagwaye suka ɗauko a ka.

Na dubi Ziblim. Sai ya ce, "Ka ga abin da ake kira amsa kira?"

Ƙarfe tara daidai babur ɗin Malam Nantogma ya tsaya. Ya cire hular kwano, ya dubi jakin, jakin ya dube shi. Ya shiga aji, ya tsallake kunkuru, ya samu wuri a baya tsakanin rago da keke, ya buɗe jakarsa.

"Ka fara."

Ziblim ya ajiye takardar shirin darasinsa a tebur, shafi takwas da ya kwana uku yana ƙawata su, ya juya ga allo. Ya rubuta alamomin abu mai rai guda biyar: yana ci, yana motsi, yana numfashi, yana girma, yana haihuwa. Rubutunsa kyakkyawa ne, wannan ba a raba shi da shi.

"Wa zai ba ni misalin abin da ke ci?"

Hannu sittin suka nuna bayansa. Wata jar akuya ta ɗora ƙafafun gaba a tebur, tana kan shafi na shida.

Malam Nantogma ya ɗago kai. "A miƙo mini takardar shirin darasi."

Ziblim ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi akuyar. Akuyar ta haɗiye.

"Tana ina?" in ji Malam Nantogma.

Sanatu ta ɗaga hannu. "Ta koma layin masu rai."

Malam Nantogma ya rubuta wani abu.

Ziblim ya yi maza ya ɗauki doya daga layin hagu ya ɗaga sama. "Yara, wannan ba ta da rai."

"Wa ya kashe ta?" Mma Tipagya ce ta tambaya.

"Mma, ba kashe ta aka yi ba. Ba ta motsi ne."

"Ni ma tun da aka ajiye ni nan ban motsa ba."

"Littafi ya ce..."

"Littafin ya taɓa noma? Binne ta ka dawo bayan wata guda ka ga ko ba za ta fi ka tsawo ba. Kai ne ma aka ce ka rushe wa Azindow gona?"

Malam Nantogma ya sake rubutawa. Wannan karon ya ɗan daɗe.

Sai Napari ya miƙe, fuskarsa cike da damuwa, don ya ga alƙalaminsa na neman suɓucewa. "Ticha, Kaka ta daina girma, kuma ta daina haihuwa. Uku kawai ta ci cikin biyar. A mayar da ita layin hagu?"

Mma Tipagya ta gyara riƙon sandarta. "Wanda ya isa ya mayar da ni."

Don ya kau da zancen, Ziblim ya nuna buhun nan mai motsi. "To, bari mu ga misalin motsi. Kai, kwance buhunka."

Yaron ya ce, "Ticha, kada a kwance."

"A ajina ba a ɓoye ilimi. Kwance."

Kyanwa ce. Tun asuba take cikin buhun, kuma ta fito da ra'ayinta. Ta dira tsakiyar zabi. Zabi goma sha huɗu suka tashi sama lokaci ɗaya, suka bugi kwanon rufi, suka dawo, suka sake tashi. Awaki suka bi ta kan benci. Jariri ya tsala ihu. Jaki ya zuro kai ta taga, dab da kunnen Madam Damata, ya ba da nasa ra'ayin. Wani ya taka rediyo ta kama, wani mutum a Tamale ya shiga bayanin farashin taki. Tukunyar miya ta kife, kuma duk faɗin ajin ba ta zaɓi ko'ina ba sai farin takalmi.

Ziblim ya haye tebur yana daka tsawa da Turanci a yi shiru. Ragon nan, wanda tun safe bai ce da kowa komai ba, ya ga wani abu ja yana lilo a wuyan mutum. Ya ja da baya taku huɗu. Malam Nantogma ya janye ƙafarsa ya ba shi hanya.

Teburin ya yi gabas. Ziblim ya yi sama, ya dawo ta baya, ya zauna daram cikin turmi, gwiwoyinsa a ƙirji, takalman miya suna kallon rufi. Ya yunƙura. Turmin ya riƙe.

A daidai nan iyaye suka iso.

Uwar jaririn ce a gaba, ɗankwali a hannu, ta zagaye gari sau biyu har da leƙa rijiya. Bayanta ladan, yana tambayar wanda ya kwashe butocin masallaci kaf. Sai masu awaki, sai mai keke da ya yi niyyar zuwa kasuwa. Sai Mba Azindow, wanda ashe jakin nasa ne. Ya leƙo ta taga, ya ga wanda ke cikin turmin.

"Kai ne dai?"

"Mba, darasi ne."

"Na sani. Na gane hannunka."

Na ƙarshe uban tagwaye ne, da zanen matarsa ɗaure a ƙugu, kumfar sabulu a kunne. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ina ciki aka cire ƙyauren."

Hayaniya ta kaure, kowa na jan nasa, zabi na ta zuba kashi daga sama. Sai Mma Tipagya ta miƙe, ta buga sandarta a jikin turmin sau ɗaya. Ziblim ya ji bugun har haƙoransa.

"Kai!"

Har jakin ya yi shiru.

"A buɗe ƙofa. Kowa ya saki abin da ke hannunsa. Kada wanda ya taɓa komai."

Aka saki. Awaki suka fice, rago ya bi su, zabi suka bi ta taga, kyanwa ta riga kowa. Kunkuru ma ya kama hanya.

Ta juya ga yaran. "Su wa suka tafi gida da kansu?"

"Masu rai!"

"Su wa ke jira sai an ɗauke su?"

"Marasa rai!"

"Doya fa?"

"Barci take yi!"

"To. Ku ɗauki sauran ku mayar inda kuka samo, ku durƙusa ku ba da haƙuri."

Kafin minti biyar ajin ya zama fayau, sai miya da gashin zabi. Malam Nantogma ya cika shafi ya juya wani. Sanatu ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a ƙofa, ta dubi Ziblim, ta dubi tsohuwar.

"Kaka, Ticha bai tafi da kansa ba."

"Wuce," in ji Madam Damata.

Maza huɗu suka mirgina turmin zuwa fili, inda rabin gari ke tsaye. Biyu suka riƙe turmi, biyu suka ja hannu. Ziblim ya yi ƙara, turmi bai saki ba. Aka kwantar, aka jijjiga, aka kifa. Ladan ya ba da shawarar gatari. Mai turmin, wata mata mai faɗin kafaɗa, ta ce wanda ya fasa mata turmin gado sai dai ya zauna ya zama turmin. Ta ce tana da man kaɗanya a gida, kuma tana da sakwarar da za ta daka kafin azahar, don haka ba ta ga dalilin tsayuwa a nan ba. Mba Azindow ya ce a ɗauko amalanke, jakinsa dai ya riga ya ɓata yininsa.

Ana ɗaura amalanken Malam Nantogma ya fito da jakarsa a hammata. Ya tsaya a kan turmin, ya sunkuyo.

"Malam Ziblim, a ƙa'ida sai na tambaye ka. Me ka koya daga darasin yau?"

Ziblim ya yi tunani, gwiwa a haɓa. "Ranka ya daɗe, ajin ya yi wa salon koyarwata ƙanƙanta."

"Haka ne," in ji Malam Nantogma. Ya rufe jakar. "Za mu ba ka shekara guda ka nemi babba." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, in an share ajin."

Aka cicciɓi turmin da abin da ke cikinsa aka ɗora a amalanke. Dawuni ya kama linzami. Mai turmi na gaba, yara sittin da bakwai na baya, mai ganga ya ga ba dalilin mayar da ita gida shiru. Masta Wumbei ya ci gaba da asuwakinsa.

Sun kai bakin gonar doya sai na ga hannu ya ɗago daga cikin turmin.

"Sayibu! Riƙe mini ajin kafin in dawo! Amma kada ka shiga sabon darasi, sun saba da hannun gwani!"